Gayya, Sadaka da Sa-kai: Darasi a Kan Kalmomin Taimako a Hausa

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban wannan sashe muna cikin wata ƙungiya ta taimakon jama'a, ko Rotaract, ko Red Cross, ko ƙungiyar masallaci ko ta coci, ko kuwa ta 'yan gari ɗaya. Sanannen abu ne kuma, duk ranar da irin waɗannan ƙungiyoyi suka shirya kai aiki unguwar Hausawa, kamar Sabo ta Ibadan ko ta Shagamu, ko Agege a Legas, ɗalibin Hausa ake turawa gaba. Shi zai gaida Sarkin Hausawa, shi zai faɗi abin da ya kawo su, wani lokaci ma shi zai rubuta sanarwar da za a karanta a masallaci. A irin wannan rana ce mu da muka koyi Hausa a aji muke gane cewa sanin nahawu daban, sanin kalmar da ta dace da wuri daban.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba wasu daga cikin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su idan yana maganar taimako. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, Bahaushe ba ya rarraba taimako bisa yawansa ko irin abin da aka bayar. Tambayar da yake yi ita ce: wanda ya yi taimakon nan, me yake jira, kuma daga wajen wa? Akwai taimakon da ake jiran ramuwarsa daga mutum. Akwai wanda ake jiran ladansa daga Allah. Sannan akwai wanda ƙungiyoyin zamani suka zo da shi, wanda har yanzu harshen bai gama raɗa masa suna ba.

Taimakon da ake ramawa

Gayya ita ce uwa a wannan fage, kuma asalinta a gona yake. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin magidanci da iyalinsa, sai ya aika da goro ga abokai da maƙwabta, ko ga sarkin samari a inda ake da shi, ya sa rana. Ranar gayya a fito tun da sassafe da fartanya da garma, a jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa. Kunya a nan ba ta jin nauyi ba ce, dogon tudun nan ne da ake yi a gona a yi shuka a kansa. Makaɗan noma suna biye da su suna yi wa gwanaye kirari, ana gasa a ga wanda zai riga kai wa ƙarshen kunya. Mai gona ba ya biyan kowa ko kwabo. Abin da ke kansa shi ne ci da sha, wato fura da tuwo da goro, sai ɗan abin da zai sallami makaɗa. Amma fa ranar da ɗaya daga cikin waɗanda suka zo ya kira tasa gayyar, mai gonar nan ba shi da bakin cewa ba zai je ba.

Ba a noma kaɗai ake gayya ba. Ana yin ta wajen yaɓen katanga da haƙar rijiya da ɗora jinka a kan ɗaki, inda aka samo karin maganar nan da kowa ya sani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurayi mai neman aure shi ma yakan tara abokansa su je su nome gonar uban yarinya. A wannan gayyar ba noma za a rama masa ba, abin da yake jira ya fi noma tsada.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya lura da su a nan. Na farko, gayya tana da mai ita, kuma sai an kira mutum yake zuwa. Daga wannan kalma aka samu aikatau gayyata. Wanda kuwa ya kai kansa wurin da ba a kira shi ba, musamman wurin cin abinci, shi ake cewa ya yi gayyar soɗi, kuma ba yabo ba ne. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, gayya ba ta zubar da girman wanda aka yi wa. Attajiri yana kiran gayya, talaka yana kira. Tun da kowa ya san za a rama, ba wanda yake sunkuyar da kai don an nome masa gona.

Ɗaliban da Yarabanci ne harshensu na farko ba za su sha wuyar fahimtar wannan ba, domin Yarabawa suna da owe, inda mutum yake gayyato jama'a ya ciyar da su su yi masa aiki, suna kuma da aaro, inda 'yan tsiraru suke zagaya gonakin juna bi da bi. Kalmar gayya tana iya ɗaukar duka biyun, ko da yake ta fi kusa da owe.

Sai dai kuma kada mu ɗauka tarihin gayya zuma ce zalla. Idan sarki ko hakimi ya kira gayya a gandunsa, sunanta gayya, amma talaka ba ya iya ƙin zuwa. A zamanin Turawa kuma an yi aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya, har da wanda aka riƙa kira ɗiban gwamna, lokacin da aka kwashi dubban mutane zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Saboda haka idan baƙo ya zo da takarda a hannu yana cewa kowa ya fito aiki ranar kaza, dattijo yana da dalilin da zai tambaya, gayyar wa?

A gona dai gayya ta ja baya. Kuɗin ciyar da mutum talatin ko arba'in yakan kai na ɗaukar 'yan ƙwadago, waɗanda ake biya a sallame su ba tare da wani bashin ramuwa ba, ko kuma a ba da aikin jinga, wato a yi tsadar gonar gaba ɗaya. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda ƙwadago ya riga ya zama ruwan dare a ƙauye tun a wancan lokaci. Amma kalmar ba ta mutu ba, birni ta koma. A yau idan aka ce aikin gayya, abin da yake zuwa zuciyar mutumin Kano ko Zariya shi ne yashe magudanar ruwa kafin damina, ko sharar maƙabarta da gyaran katangarta, ko cike ramukan hanya. Ƙungiyoyin unguwa masu shirya irin wannan su ake kira ƙungiyoyin taimakon kai da kai. A Jamhuriyar Nijar ma, gwamnatin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da tsohon tsarin samariya, ta riƙa sa matasa gina azuzuwa da dashen itatuwa.

Kalma ta biyu ita ce biki. Mu a aji an koya mana biki da ma'anar shagalin aure ko suna, amma tana da wata ma'anar, musamman a bakin mata. Biki shi ne abin da mace take kai wa ƙawarta ranar hidimarta, kuma a tsohuwar al'ada ninkawa ake yi wajen ramawa. Alal misali, in ta kawo miki naira 1,000 ranar suna, ke kuma ranar nata ki kai mata 2,000, a yi ta tafiya haka har in ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa. Wanda yake son ganin yadda ƙawance da biki suke tafiya a rayuwar mace Bahaushiya, ya nemi labarin Baba ta Karo wanda Mary Smith ta rubuta, aka buga a 1954. Adashi shi ma a wannan gida yake: kowa ya yi zubi wurin uwar adashi, a riƙa kwasa bi da bi. Bayarabe zai gane shi da sunan esusu, kalmar da ake dangantawa da asusu na Hausa, wanda ya tashi daga ɗan abin tara kuɗi na yumɓu har ya kai ga asusun banki.

Sai gudummawa. Ana jin gudu a cikinta, domin tsohuwar ma'anarta ita ce a ruga a kai wa wani ɗauki, kamar a wurin yaƙi ko gobara. Wasu suna rubuta gudunmawa, wasu gudummawa, saboda nason da m take yi a kan n da ta gabace ta. A yau gudummawa ita ce abin da mutum ya sa a cikin hidimar wani ko aikin jama'a, kuɗi ne ko kaya ko ƙarfin jiki. Kyawunta shi ne tana nuna aikin na wani ne, kai ƙari kawai ka yi. Idan ɗalibi ya rasa kalmar da zai yi amfani da ita, ya kama wannan, da wuya ta ba shi kunya.

Taimakon da ake jiran ladansa

Sadaka da zakka duk daga Larabci aka aro su, kuma bambancinsu a fili yake. Zakka farilla ce mai ƙa'ida. A kuɗi da kayan ciniki ana fitar da kashi 1 cikin 40 idan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara. A amfanin gona ana fitar da 1 cikin 10 idan ruwan sama ne ya shayar, 1 cikin 20 idan ban-ruwa aka yi da wahala. Waɗanda ake ba su ma an ƙayyade su, kashi 8 ne, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Akwai kuma zakkar fid-da-kai ta ƙarshen azumi. Wasu jihohin Arewa suna da hukumomi na musamman a kan wannan, kamar Hukumar Zakka da Hubusi da Jihar Kano ta kafa a 2003. Hubusi shi ne wakafi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a, ba a sayarwa ba a gado. Abin lura ga ɗalibi shi ne, kuɗin da ƙungiyar ɗalibai ta tara ta hanyar karo-karo ba zakka ba ne ko da an raba wa mabukata, kuma kiransa zakka zai sa malamai su yi ta tambayoyin da ba mu da amsarsu.

Hausawa Kirista da sauran masu ibada da Hausa a coci su ma suna cewa zakka idan suna nufin ushirin da ake fitarwa, abin da ake sakawa a lokacin sujada kuwa baiko suke kiransa. Wannan baikon daban yake da baikon aure. A yawancin waɗannan coci-coci, Zumuntar Mata ce take ɗauke da nauyin gaida marasa lafiya da ziyarar gidan rasuwa.

Sadaka ita ce ta fi wuyar sha'ani. A koyarwar addini kowane alheri sadaka ne, har sakin fuska. Akwai kuma sadakar da kowa yake ci ba tare da jin komai ba, kamar wainar sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in a inda ake yin su. Amma a maganar yau da kullum, idan aka ce an ba wane sadaka, an riga an faɗi matsayinsa. Almajiri ake ba sadaka, da maraya, da miskini, da wanda lalura ta fitar da shi bara. Hannu ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa, kuma na ƙasan ba ya ramawa sai da addu'a.

Yanzu sai mu dubi unguwa irin Sabo ta Ibadan. An kafa ta a 1916, kuma kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969, a kan cinikin shanu da goro ta ginu. Masu gidaje a wannan unguwa sun saba sauke baƙi daga Arewa, su ba su masauki da abinci, su tsaya musu a kasuwa. Mutanen da suka gaji wannan al'ada, a ce ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya a gabansu ya ce, "Mun kawo muku sadaka," ai ya gama ɓata rawarsa da tsalle. Ba za su ce masa komai ba, za ma su yi godiya, amma an gama magana ke nan. Na lura sadaka kalma ce da ta fi daɗi a bakin wanda ya gani ya yaba. Idan ƙungiya ta gyara rijiyar burtsatse, liman yana iya cewa wannan sadaka ce mai gudana, Allah ya karɓa. Wannan yabo ne babba. Amma ba mai bayarwa ne zai faɗa da bakinsa ba.

A nan ne ya kamata mu kawo wasu kalmomi biyu da ba a cika sa su a jerin kalmomin taimako ba, wato rufin asiri da gori. Idan Bahaushe ya ce wane ya rufa mini asiri, yana nufin ya fitar da shi daga wata matsala ba tare da duniya ta ji ba. Shi ya sa ake kai wa magidanci hatsi da dare, ko a aika ta hannun matarsa. Gori kuwa shi ne ka riƙa tuna wa mutum alherin da ka yi masa, kuma yana ɓata alheri kamar yadda tsakuwa take ɓata shinkafa. Ƙungiyoyinmu suna da wata ɗabi'a ta jera mutane riƙe da buhu a ɗauke su hoto a sa a Facebook, wai don shugabanni su ga an yi aiki. A ma'aunin da muke magana a kai, wannan ya fi kusa da tonon asiri. In hoto ya zama dole, a ɗauki kayan da masu aikin, ko a nemi izini da gaske, ba izinin da ake nema bayan an riga an ɗaga waya ba.

Kyauta

Kyauta tana tsakanin gidajen nan biyu. Ba a rama ta kamar biki, amma ba a barin ta haka nan, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. Tukuici shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo saƙon kyautar. Galibi tsakanin waɗanda suka san juna take gudana, ko daga babba zuwa yaronsa. Idan ta fito daga hannun wanda ba a sani ba, sai a fara tunanin ruwa ba ya tsami banza.

Babban misali a nan shi ne rigakafin shan-inna. Ƙungiyar Rotary, wadda aka kafa a birnin Shikago na Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, ta ƙaddamar da shirin yaƙi da wannan cuta a 1985, ta zuba kuɗi da ma'aikata masu yawa. Duk da haka a 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, sai a 2004 Kano ta koma. Dalilan suna da yawa, ciki har da jita-jitar hana haihuwa, da kuma tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Amma akwai wata tambaya da talakawa suka riƙa yi wadda ta shafi darasinmu kai tsaye: me ya sa ake bi gida-gida da wannan magani kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai an saya? Kalmar kyauta da aka zaci za ta jawo mutane, ita ta ƙara musu shakka. Al'amarin bai daidaita ba sai da aka shigo da sarakuna da malamai da matan unguwa waɗanda aka sani, wato sai da aka samo wa kyautar fuska. An ga cutar ta ƙarshe mai yaɗuwa da kanta a Jihar Borno a 2016, sannan a watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'in.

Agaji da sa-kai

Agaji taimako ne na wanda yake cikin haɗari ko masifa, kamar gobara ko ambaliya ko haɗarin mota. Shi ya sa ake cewa kayan agaji, ake kuma kiran NEMA, wadda aka kafa a 1999, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa. Gidajen rediyo sukan ce ƙungiyar agaji ta Red Cross. Amma idan aka ce 'yan agaji kurum, ba a ƙara komai ba, Bahaushe zai hango mutane ne masu kayan sarki na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, ko Fityanul Islam da aka kafa a Kano a 1963, ko Izala da aka kafa a Jos a 1978. Su ne masu tsara sahu a filin idi, masu kula da taron tafsiri da sansanin alhazai, masu ɗaukar wanda ya faɗi a cikin taro. Ɗalibin da ya gabatar da ƙungiyarsa da cewa "mu 'yan agaji ne" zai ji an tambaye shi, na wace ƙungiya?

Sa-kai harɗaɗɗen suna ne daga aikatau sa da suna kai, wato mutum ya sa kansa a abu ba wanda ya sa shi. Ita ce kalmar da 'yan jarida da masu fassara suka zaɓa wa aikin da mutum yake yi don ra'ayin kansa ba da biya ba, ana cewa aikin sa-kai da ƙungiyoyin sa-kai. Tsohuwar karin magana ta ce sa kai ya fi bauta ciwo, ma'ana wanda ya ɗora wa kansa aiki yakan wahala fiye da wanda aka tilasta, domin ba shi da wanda zai yi wa ƙorafi. Duk wanda ya taɓa zama sakataren wata ƙungiya a jami'a ya san gaskiyar wannan. Abin sha'awa kuma, shirin NYSC da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, wanda yawancinmu za mu shiga, da ɗayan ɓangaren karin maganar ake kiransa, wato bautar ƙasa, ko da yake wasu sun fi son su ce yi wa ƙasa hidima. Ba laifi, tun da shi ba sa-kai ba ne, doka ce.

To amma ga inda gizo yake saƙar. A jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato, tun da rikicin 'yan bindiga ya yi ƙamari a shekarun 2010, idan aka ce 'yan sa-kai ana nufin mutanen gari da suka ɗauki makami don tsaron ƙauyukansu, waɗanda wasu suke yabo wasu kuma suke zargi da kisan ba gaira ba dalili. A labaran ƙasashen waje ma ana cewa mayaƙan sa-kai. Ma'anar kalmar ta karkata ke nan a cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma tsofaffin ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 ba za su gargaɗi ɗalibi a kan wannan ba. Da yake yawancin mazauna unguwannin Hausawa na Kudu suna da 'yan'uwa a waɗancan jihohi, sanarwar da ta ce "'yan sa-kai za su shigo unguwa ranar Asabar" tana iya tayar da hankali. A ce masu aikin sa-kai, ko ɗalibai masu aikin gayya. Bambancin ɗan ne da mai kawai, amma ya isa.

Ɗan tsokaci a kan nahawu

Aikatau uku da muka yi ta ambato, wato taimaka da agaza da gayyata, duk suna iya zuwa a aji na biyu na tsarin Parsons, inda wasalin ƙarshe yake komawa i kafin suna, e kafin wakilin suna. Muna cewa ya taimaki Audu, ya taimake shi. A sauran biyun kuma ana samun ganɗantawa, z ta koma j, t ta koma c: ya agaji mutane, ya agaje su, ya gayyaci samari, ya gayyace su. Daga nan ne ake gane dangantakar agaza da agaji. Ana kuma iya cewa ya taimaka wa Audu, ya taimaka masa, ya agaza musu. Abin da ba a cewa shi ne "ya taimaka shi" ko "ya gayyata su", kuma wannan tuntuɓe ne da ya zama ruwan dare a bakin masu koyo.

A gaban Sarkin Hausawa

Ga misalin yadda za a iya haɗa abin da muka tattauna. An cire takalmi, an durƙusa, an gaisa, an tambayi lafiyar jama'a. Ba a fara maganar aiki sai an ba da dama.

Ɗalibi: Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ƙara lafiya. Mu 'ya'yanka ne, ɗalibai daga jami'a. Mun ji samarin unguwa sukan yi gayyar yashe kwata kafin ruwa ya sauka, shi ne muka zo neman izini, in an amince a sa da mu. Muna da 'yan shebur da baro da manjagara da za mu kawo, tamu gudummawar ke nan.

Sarki: Madalla, Allah ya yi muku albarka. Ku ga shugaban samari ku tsayar da rana. Amma ban da Juma'a.

Ɗalibi: Godiya muke, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamani.

A lura ɗalibin bai ce unguwar tana da datti ba, bai kuma ce sun zo su taimake su ba. Ya mayar da gayyar ta masu unguwa, ya roƙi a gayyace su, don kada tasu ta zama gayyar soɗi. A lura kuma da taimaki a gaisuwar farko, ga aji na biyu nan kafin suna. Idan aikin ya shafi shiga gidaje, kamar wayar da kai a kan rigakafi ko tsafta, ɗalibai mata ne za su shiga, maza su tsaya a zaure. In an kawo ruwa ko fura bayan aiki a karɓa a sha, domin ciyarwa haƙƙin mai gayya ne, ƙin karɓa kuwa kamar an ce masa bai isa ba ne. Wanda ya ce muku sannu da aiki, ku ce yauwa sannu. Wanda ya ce Allah ya ba da lada, ku ce amin.

Jinga

Ɗalibi ya rubuta sanarwa wadda ba ta wuce layi shida ba, da za a karanta a masallacin unguwa bayan sallar Isha'i, yana shaida wa jama'a cewa ƙungiyarsa za ta zo auna hawan jini ba tare da biyan kuɗi ba. Kada ya yi amfani da sadaka ko 'yan sa-kai, kuma in ya sa kyauta, ya faɗi wanda ya ɗauki nauyin aikin da wanda ya ba da izini a unguwar. Bayan haka ya nemi wani dattijo Bahaushe a kasuwa mafi kusa da shi, ya tambaye shi bambancin ɗauki da tallafi da jinƙai, waɗanda ban taɓo su a nan ba, ya rubuto abin da ya ji da irin kalmomin dattijon, ya miƙa wa editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.